Yadda Ake Zaɓen Firji Mai Daidai da Kanta, Mai Ba da Ruwan Sanyi da Ƙanƙara

Gidajen da ake ginawa yanzu a garuruwa irin su Bichi, Gwarzo, Rano, Ringim da Gumel, har da ƙauyukan da ke kewaye da su, da yawa suna zuwa da kicin na zamani: kanta mai tayil ko dutse, kabad sama da ƙasa, da gurbin da aka bari domin firji. Wanda ya kashe kuɗi ya yi irin wannan gini, ko uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, yakan so firjin da zai shige gurbin ya zauna daidai da bakin kanta, ba wanda zai turo ciki waje ya tare hanya ba. Idan aka shiga shago kuma, ido yakan tsaya a kan wanda ke da famfo a ƙofa, wanda ake kara kofi ya zubo ruwan sanyi ko ƙanƙara. Sai dai masu ƙera irin wannan firji sun tsara shi ne domin gidan da wuta ba ta yankewa kuma ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi. Saboda haka mazaunin karkarar Kano ko Jigawa yana da lissafin da ya kamata ya gama a gida tun kafin ya kama hanyar birni.

Mataki na farko: sanin abin da ake samu da abin da ake rasawa

Zurfin kantar kicin, wato daga bango zuwa bakinta, yawanci santimita 60 ne zuwa 64. Firjin da aka ƙera domin ya yi daidai da ita, gangar jikinsa ba ta wuce wannan awo sosai, sai dai ƙofofi da mariƙai su ɗan leƙo waje, kuma dole ne su leƙo, domin idan aka nutsar da ƙofar cikin gurbi ba za ta buɗu ba. Manyan firji na yau da kullum kuwa, musamman ƙirar Amurka, zurfinsu kan kai santimita 80 zuwa 90. Bambancin ya kusa taƙi guda, kuma a ƙaramin kicin da mata biyu ko uku ke aiki lokaci ɗaya, wannan fili ba ƙarami ba ne.

Abin da ake rasawa shi ne ciki. Firji biyu masu faɗi ɗaya da tsayi ɗaya, mai daidai da kanta zai iya gaza ɗan'uwansa da lita ɗari ko fiye, kuma sau da yawa shi ne ya fi tsada. Amfaninsa ɗaya da ba a cika ambata ba shi ne ba abin da ke ɓuya a can ƙurya: ragowar miya ko kwanon nono ba ya makalewa a baya har ya lalace ba a gani ba. Amma gidan da ke da iyali da yawa, wanda ke ajiye naman layya ko ya sayi kaji da kifi da yawa a ranar kasuwa, kada ya dogara da wannan firji shi kaɗai. Irin wannan gida ya fi dacewa ya haɗa da firiza ta kwance a sito.

Mataki na biyu: awo

A ɗauki tef a auna gurbin da hannu, kada a dogara da abin da birkila ko kafinta ya faɗa da baki. A auna faɗi a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, domin bangon da aka yi wa filasta da hannu ba kasafai yake miƙewa sak ba, sannan a riƙe mafi ƙanƙantar awon. A auna tsayi daga saman tayil zuwa ƙasan kabad na sama, a kuma auna zurfi daga bango zuwa bakin kanta. Idan akwai soket ko kan famfo da ya turo daga bangon baya, daga nan awon zai fara, ba daga bango ba.

Manyan firji masu ƙofa biyu faɗinsu kusan santimita 91 ne, tsayinsu kuma wajen 178. A kan wannan sai a ƙara wurin shan iska: kimanin santimita 5 a baya, da ɗan sarari a sama da kowane gefe, gwargwadon abin da littafin firjin ya nuna. Wasu firji ta gefunansu suke fitar da zafi, kuma idan aka matse su tsakanin bango da kabad, injin zai yi ta aiki babu hutu. Idan gefe ɗaya bango ne, a bar sararin da ƙofa za ta buɗe ta wuce kusurwa, in ba haka ba aljihunan ciki ba za su zaru ba.

Akwai awon da aka fi mantawa da shi, wato hanyar shigowa. Firjin zai bi ta ƙofar gida ko zaure, ya ratsa tsakar gida, ya yi kwana ya shiga kicin, kuma nauyinsa ya kusa kilo ɗari ko ya wuce. A auna kowace ƙofa da kowane lungu. Ana iya cire ƙofofin firji domin ya wuce, amma mai famfo a ƙofa yana da tiyo da wayoyi da ke bi ta cikin hinji, don haka ba aikin da za a bar wa samarin da suka taimaka da sauke kaya ba ne.

Mataki na uku: wuta

Wannan matakin ne ke yanke hukunci a kan sauran. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa mafi ƙarancin awannin da ya kamata su samu: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kowa ya san abin da layinsa na KEDCO ke kawowa a zahiri, kuma da wannan zai yi lissafi. Firjin da aka rufe ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu bayan ɗauke wuta. Ɓangaren daskarewa yakan kai kwana biyu idan cike yake, kwana ɗaya idan rabi ne. Na'urar ƙanƙara kuwa ba ta da wannan haƙuri. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ƙanƙarar da ke cikin mazubi takan fara narkewa, wuta na dawowa sai ta haɗe ta zama dunƙule ɗaya, ta toshe hanyar fita, wani lokaci ma ruwan ya biyo ƙofa ya sauko ƙasa. Gidan da ba shi da sola ko wata tsayayyiyar wuta, kuɗin da zai ƙara domin na'urar ƙanƙara asara ce.

Mai sola kuma ya duba takardar da ke manne a jikin firjin, inda aka rubuta wutar da yake ci a shekara. Idan an rubuta kWh 450, misali, wato yunit 450 na wuta, a raba da kwanakin shekara, zai ba da kusan 1.2 a rana. Wannan awo an yi shi ne a ɗaki mai matsakaicin zafi, don haka a watan Afrilu, da yara na buɗe ƙofa, gara a ƙiyasta har zuwa 2. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da kWh 2.4, kuma idan na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a riƙa zuƙa idan ana so ya yi ƙarko. Ma'ana firjin shi kaɗai zai iya cinye rabon batir guda daga faɗuwar rana zuwa hantsi, ban da fanka da fitila da talabijin. A nemi firji mai kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyi, irin na inbata, domin yana tashi a hankali ba ya fizgar wuta lokaci ɗaya, sannan a tabbatar da mai haɗa sola cewa inbatar gidan tana ba da wuta mai tsabta irin wadda injin firji ke so.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, mai 50Hz. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai 60Hz. Wannan yana da muhimmanci ga mai neman na hannu, domin da yawa daga cikin firji masu daidai da kanta da ake shigowa da su na hannu daga Amurka suke. Taransifoma za ta rage bolt, amma ba za ta canza 50 ta koma 60 ba, ga shi kuma kayan gyaransu da matatar ruwansu wahalar samu gare su. Komai kyan irin wannan firji da arharsa, a bar shi.

Sai kuma maganar rabin wuta, wadda ta fi ɗaukewar wuta kashe firji a ƙauye, musamman gidajen da ke ƙarshen layi nesa da taransifoma. A sayi sitabilaiza mai jure wuta mara ƙarfi, wadda kuma ke jinkirta minti uku zuwa biyar kafin ta saki wuta bayan an dawo da ita. Firji mai famfo yana da allon lantarki, kuma idan allon ya ƙone, gyaransa ya fi ƙarfin mai gyaran firji na bakin kasuwa. A ba shi soket nasa shi kaɗai, mai wayar ƙasa, ba a haɗa shi da hita ko dutsen guga ba.

Mataki na huɗu: zafin gari

A jikin kowane firji, ko a ciki ko a baya, akwai ƙaramar takarda da aka rubuta rukunin yanayin da aka ƙera shi dominsa. N yana nufin zai yi aiki daidai har zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T kuma zuwa 43. A Kano da Jigawa zafin bazara yakan wuce digiri 40, kuma kicin mai rufin kwano da ake girki a ciki ya fi waje zafi. Don haka sai wanda ke da T, ko SN-T, wanda shi ma yake kai digiri 43. A nisanta gurbinsa da murhun gas da tagar da rana ke bugawa da yamma.

Mataki na biyar: ruwa

Firji masu famfo iri biyu ne, kuma a waje kamanninsu ɗaya, har mai shago ma wani lokaci sai ya buɗe ya duba. Na farko ana haɗa shi da bututun ruwan gida ta wani siririn tiyo mai kaurin kwata na inci, ruwa na shiga da kansa. Na biyu yana da ƙaramin tanki a cikinsa, mai cin lita uku zuwa huɗu da rabi, wanda ake cirewa a cika da hannu a mayar.

Wanda ake haɗawa da bututu yana buƙatar ruwa mai ƙarfi. Da psi ake auna ƙarfin turin ruwa, kuma yawancin kamfanoni suna neman aƙalla psi 20, wasu 30, kuma idan ruwan zai bi ta matata buƙatar kan ƙaru. To gidan ƙauye ba ruwan gwamnati yake sha ba, daga rijiyar burtsatse ake turawa tanki, daga tanki ya gangaro. Ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tanki tsayin tankin ne kawai ke ba da shi, girmansa ba ya ƙara komai: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kimanin psi 14. Tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 5 zai ba da psi 7 ke nan, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema. Kafin a samu psi 20 sai an ɗaga tanki mita 14, tsayin bene mai hawa huɗu. Abin da ke faruwa a irin wannan gida sananne ne: a kara kofi, ruwa ya riƙa zirarowa siriri har mutum ya gaji da tsayuwa, ƙanƙara ta fito ƙanana masu rami a ciki, bawul ɗin da ke buɗe ruwa da rufe shi a cikin firjin kuma ya kasa rufewa sosai ya riƙa ɗiga. Mai gida sai ya ɗauka an sayar masa da mara kyau, alhali firjin lafiyarsa ƙalau.

Maganin wannan shi ne ƙaramin famfon ƙara ƙarfi mai tashi da kansa idan an buɗe ruwa, wanda mai aikin famfo zai ɗaura a kan layin kicin. Yana aiki, amma ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi a kan sola, kuma ƙarin abin da zai iya lalacewa. Ga kuma ɓera, wanda siririn tiyon roba a bayan firji ba ya yi masa wuyar ci, kuma ɗigon da ke bayan kabad ba a ganinsa sai katako ya kumbura. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya sa a ɗaura masa makulli a kan layin, a wurin da hannu ke kaiwa ba sai an jawo firji ba.

A ganina, ga yawancin gidajen karkara mai tankin ciki ya fi. Ba ruwansa da tsayin tanki, ba a fasa bango, ana iya canza masa wuri, kuma mai gida ne ke zaɓen ruwan da zai shiga. Aibinsa a fili yake: lita huɗu ba ta kai wa gidan mutum goma ko'ina a ranar zafi, sai an riƙa cikawa, kuma tankin yana cin wurin da za a ajiye wani abu. Yana kuma buƙatar wanki kowane mako, da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi. Ruwa zalla ake zubawa a ciki. Zoɓo da kunun aya da lamurje wurinsu jarka ko gora, domin sukari da gari za su toshe bututun su kuma yi tsami a inda hannu ba ya kaiwa.

Game da matatar da ke zuwa da firji, akwai rashin fahimta mai haɗari. Gawayi ne a cikinta, aikinta rage wari da ɗanɗanon sinadarin kulorin da ɗan datti, kuma an yi ta ne domin ruwan da tun asali an riga an tsabtace shi. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Daskarewa ma ba ta kashe su, don haka ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa gurɓatacciya ce. Ruwan buɗaɗɗiyar rijiya, ko na 'yan garuwa da ba a san inda aka ɗebo shi ba, sai an tafasa ko an sa masa magani kafin ya shiga tanki, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Ruwan burtsatse mai yashi ko mai kanwa-kanwa, wanda ke barin farin tabo a jikin buta, zai toshe matata da wuri, don haka a sa babbar matata ta waje kafin ruwan ya iso firji. Ta cikin kuma ana canza ta duk wata shida, kuma tun a shago ya kamata a tambayi kuɗinta da inda ake samunta, a ma sayi guda a ajiye.

Akwai kuma zaɓi tsakanin famfon waje da na ciki. Na waje ya fi dacewa da gida mai yara, domin za su sha ruwa ba tare da buɗe ƙofa sanyi ya fice ba, sai dai a tabbatar yana da maɓallin kulle yara, in ba haka ba za a wayi gari kicin ya zama kududdufi. Na ciki ya fi tsabta lokacin hunturu, tun da ƙura ba ta taɓa bakinsa, kuma kayan da za su lalace a jikinsa kaɗan ne.

Mataki na shida: ƙanƙara

Na'urar ƙanƙara ta firjin gida abin da take yi a kwana guda bai cika wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, shi ma sai ɓangaren daskarewa ya tsaya a kan digiri 18 ƙasa da sifiri dare da rana. Wannan ya ishi iyali su sa a fura ko lemo lokacin buɗa baki. Wanda ke tunanin sayar da ƙanƙara da azumi kuwa, wannan ba kayan sana'arsa ba ne, firiza ta kwance da leda yake buƙata.

A duba inda na'urar take. Wadda ke jikin ƙofa ba ta cin wurin ajiya, amma mazubinta ƙarami ne. Wadda ke cikin ɓangaren daskarewa ta fi ɗaukar ƙanƙara da jure zafi, sai dai a firjin da dama cikinsa bai da zurfi, tana cinye shanta guda. Wasu firji masu ƙofa biyu a sama da aljihu a ƙasa suna da na'urar a ɓangaren sanyi na sama, kuma irin wannan ta fi saurin ba da matsala inda wuta ke yawan yankewa. Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wato tiren da ake cikawa da hannu a murɗa ƙanƙara ta zubo cikin aljihu. Ba mota a jikinsa, ba bawul, ba abin da zai ƙone. Firji mai famfon ruwa na tankin ciki haɗe da irin wannan tire shi ne haɗin da ya fi dacewa da gidan da wutarsa ba ta da tabbas.

Mataki na bakwai: a shago

A tafi da takardar awo da tef. LG, Samsung, Hisense da Haier Thermocool duk suna da manyan firji masu famfo a kasuwar Najeriya, kuma da yawa daga cikinsu zurfinsu bai kai na ƙirar Amurka ba ko da ba a rubuta komai a kwali ba, don haka tef ne zai faɗi gaskiya. A auna gangar jiki daban, a auna da ƙofa da mariƙi daban. A saya wurin dila mai ba da rasit da katin garanti, a karanta abin da garantin ya ƙunsa, domin shekarun da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa galibi na kwamfireso ne kaɗai, allon lantarki da na'urar ƙanƙara nasu ya fi gajarta. A tambaya ƙarara: idan ya samu matsala a Kazaure ko Karaye, ma'aikacinsu zai zo, ko sai an ɗauko firjin an kawo Kano? A sa a kunna shi a gaban mai saye, a gwada robar bakin ƙofa ta hanyar maƙala takarda a rufe a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, ƙofar ba ta kamawa.

Mataki na takwas: ɗauka, kafawa da kulawa

A ɗauko shi a tsaye, a ɗaure da igiya a bayan a-kori-kura, a sa bargo ko kwali tsakaninsa da ƙarfen mota, direba kuma ya bi hanyar burji a hankali. Idan ya iso a bar shi a tsaye aƙalla awa huɗu kafin a kunna, domin man kwamfireso ya koma mazauninsa. Idan dole ta sa an kwantar da shi a hanya, a ba shi kwana guda. A daidaita ƙafafunsa yadda gaban zai ɗan fi baya tsayi kaɗan, ƙofa ta riƙa rufe kanta. A saita ɓangaren sanyi a kan digiri 3 ko 4, na daskarewa a kan 18 ƙasa da sifiri, a bar shi ya yi sanyi kafin a loda kaya. Ruwan farko da ya fito daga famfo, lita da yawa idan mai matata ne, a zubar, haka ma ƙanƙarar zubin farko da na biyu.

Yawancin sababbin firji suna amfani da gas mai suna R600a, wanda ke kama wuta, saboda haka kada a taɓa sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙara a ciki, kuma kada mai gyara ya kusanto da wutar walda sai ya san irin gas ɗin da ke ciki. Bayan kowane hunturu a cire fulogi, a jawo firjin, a share ƙurar da ta taru a ƙasan bayansa da busasshen buroshi, a duba tiyo da wayoyi ko ɓera ya taɓa. Idan za a yi tafiya, ko aka ga alamar wuta za ta kwana biyu ba ta dawo ba, kamar lokacin da iskar farkon damina ta kayar da turaku, a kashe na'urar ƙanƙara, a juye mazubinta, a zubar da ruwan tanki, a rufe makullin layin ruwa.